Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Injin Wushishi Mai Lamba 1 da Ke Tashar Minna

Zuwa ga Manajan Darakta na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya,
da Babban Daraktan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa,
da Mai Girma Gwamnan Jihar Neja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na haɗa ku a takarda ɗaya ne saboda abin da zan yi magana a kansa ya shafe ku duka ukun. A harabar ɗayanku yake ajiye, kare irinsa aikin na biyu ne, a ƙasar na uku kuma aka fara kunna masa wuta. Ina nufin ɗan ƙaramin kan jirgin nan mai aiki da tururi da ke tashar jirgin ƙasa ta Minna, wanda aka sani da Injin Wushishi mai lamba 1. Roƙona shi ne ku ɗauke shi a matsayin amana ta ƙasa, ku ba shi kariyar doka da ta rumfa, ku kuma sa a rubuta labarinsa cikakke a gefensa, da daɗinsa da ɗacinsa, cikin harsunan da mutanen wurin suke ji.

Ku yi mini uzuri in ɗan koma baya, domin da yawa daga masu wucewa ta gabansa ba su san abin da suke wucewa ba.

A ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga, wato Lugard, wakilin Turawan Ingila, ya tsaya a Lakwaja ya ayyana Arewacin Najeriya a ƙarƙashin Ingila. Ya ɗan zauna a Jebba, amma yana neman wurin da ya fi shiga cikin ƙasa, inda zai kafa hedikwata. Ya zaɓi Zungeru, Dungurum a bakin mutanenmu, a gefen kogin Kaduna, aka kuma tare a can a 1902. Matsalarsa ita ce sufuri. A lokacin babu mota, babu titi, duk wani kaya mai nauyi ta ruwa yake zuwa: daga teku ya shigo kogin Kwara, ya karkata cikin kogin Kaduna. Jiragen ruwan kuwa ba sa iya kaiwa har Zungeru. Shi ya sa aka shimfiɗa wani siririn layin dogo tsakanin Wushishi da Zungeru, aka buɗe shi a 1901, a shekara mai bi mata aka ƙara jan sa zuwa Bari Juko, inda jiragen ruwa suka fi samun saukin isowa. Tsawonsa gaba ɗaya kimanin mil 22 ne. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 2 da inci 6 ce, wato milimita 762. Don a gane ƙanƙantarsa, tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma milimita 1,435. Kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera injinan farko na wannan layi a 1901, cikinsu har da wannan da ke Minna.

Wannan shi ne layin dogo na farko a duk Arewa. Sai da aka yi shekara goma bayansa kafin jirgi ya isa Kano a 1911, ta layin da ya taso daga Baro a bakin kogin Kwara, wanda aka fara ginawa a 1907 zamanin Gwamna Girouard. Ke nan duk wani abin da jirgin ƙasa ya zama a rayuwarmu daga baya, dalar gyada a Kano, audugar Zariya da Funtuwa, shanun da ake lodi a Nguru da Ƙaura Namoda, goron da ke haurowa daga Kudu, garuruwa irin su Kafanchan da ita kanta Minna da suka bunƙasa saboda mahaɗar layi, farkon zaren yana komawa ga wannan ɗan inji da 'yan uwansa. Wuri nawa ne a duniya za su iya ɗora hannu kan injin farko da ya taɓa yin huci a ƙasarsu? Mu muna da namu, da ƙarfensa na asali.

Na san akwai masu cewa: me ya haɗa mu da adana kayan Nasara? Ban raina wannan tambaya ba, kuma ina roƙon ku ma kada ku raina ta. Ku dubi shekarun. A 1901 aka ci Bida da Kwantagora. A Fabrairun 1903 aka ci Kano, a Maris aka ci Sakkwato, a Yulin wannan shekara Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi shahada a Burmi tare da ɗimbin jama'a. Hedikwatar da aka tsara yaƙe-yaƙen 1903 ɗin nan ita ce Zungeru, layin da ke kai wa Zungeru kaya kuwa shi ne na Wushishi. Ba don talaka ya kai dawarsa kasuwa aka shimfiɗa shi ba. An shimfiɗa shi ne don mulkin mallaka ya zauna da gindinsa. Duk allon da za a kafa a gefen injin nan, idan bai faɗi haka ba, rabin gaskiya ya faɗa.

To amma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake so ya rayu. Shaida ce, shaida kuwa ba a lalata ta don abin da ta shaida yana da ɗaci. Yaron da malamin tarihi ya karanta masa yadda Turawa ƙalilan suka mallaki ƙasa mai faɗin gaske zai iya haddacewa ya ci jarrabawa ba tare da ya fahimta ba. Amma in ya tsaya gaban wannan inji, aka ce masa da irin wannan aka riƙa kai musu kaya a lokacin da kakanninsa ke ɗauko nasu a ka da bayan jaki, to ya ga inda bambancin ƙarfi yake da idonsa. Zai gane cewa ba jarumtaka muka rasa ba. Gadar ƙafa ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru tana Kaduna yau, cikin jerin kayan tarihin ƙasa, babu wanda ya ce ajiye ta yabon mulkin mallaka ne. Injin Wushishi bai gaza ta daraja ba.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ya fi taɓa zuciyata, wato mutanen da ba a rubuta sunayensu ba. A Lids aka ƙera ƙarfen, amma ba mutanen Lids ne suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauki ƙarafan dogo a kafaɗa cikin rana ba. Masana tarihi sun tabbatar cewa layin Baro zuwa Kano, mai tsawon sama da mil 350, da aikin tilas aka gina mafi yawansa. Ta hannun sarakuna da hakimai ake raba wa garuruwa adadin mutanen da za su kawo, a ɗebe Nufawa da Gbagyi da Hausawa daga gonakinsu, wani lokaci a tsakiyar aikin gona. Ana biyan su da kuɗin Turawa, da kuɗin kuma su biya harajin Turawa. Wa ya gina musu wani abin tunawa? Kaburburansu ba su da alama, hotunansu babu sunaye. Abin da ya rage wanda za a iya tsayawa a gabansa a yi musu addu'a shi ne ƙarfen da ya gudu bisa gumin irinsu.

Layin Wushishi bai daɗe ba. Kimanin shekara goma ya yi, babban layi ya iso Zungeru, buƙatarsa ta ƙare. Ba a jefar da injinansa ba, an mayar da su wani sabon siririn layi mai irin faɗinsa, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos har Bukuru, mil 143, aka buɗe shi kashi-kashi tsakanin 1912 da 1914 don kwaso kuza. Kafin zuwansa, a ka ake ɗaukar kuza daga tsaunin har Loko a bakin Binuwai. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, siririn layin ya fara rasa kasuwa, a 1957 aka rufe shi. Wasu daga cikin kayansa suna gidan tarihi na Jos. Saboda haka abin da ke Minna da abin da ke Jos labari ɗaya ne da aka raba gida biyu, ya kamata a ce mai ziyartar ɗaya ya sami bayanin ɗayan.

Ranku ya daɗe, bari in yi magana kan aikin da kansa, don sana'a ce da ke shirin ɓacewa daga ƙwaƙwalwar ƙasar nan. Injin tururi ba a murɗa masa makulli ya tashi. Sa'o'i kafin tafiya mai hura wuta yake zuwa, ya duba ruwan tukunya, ya kwashe tokar jiya, ya haɗa wuta a murhu sannu a hankali, domin idan aka gaggauta zafi ƙarfen tukunya yana iya tsagewa. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwan, ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya matsu, direba ya buɗe masa hanya ya tura fistin, fistin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. A kan hanya idon mai hura wuta ba ya barin wani ɗan gilashi da ke nuna tsayin ruwa a tukunya. In ruwa ya yi ƙasa har saman murhu ya bushe, ƙarfen zai yi laushi, abin da zai biyo baya kuwa sai dai a ce Allah Ya kiyaye. Yana zuba gawayi da shebur ta ƙaramar ƙofa, ba zubawar gangan ba: kusurwa-kusurwa, daidai yadda wuta za ta ci ko'ina, jirgi na girgiza, zafi na dukan fuskarsa. Direba kuma da kunne yake tuƙi, daga sautin hucin inji yake gane ko yana jin daɗin hawa ko yana wahala. Shekaru mutum yake yi yana goge inji kafin a ba shi shebur, shekaru kuma yana riƙe da shebur kafin a ba shi tuƙi.

Tun 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa, injinan dizal suka fara shigowa, a hankali suka ture na tururi. Ku lissafa da kanku shekarun wanda ya riƙe shebur a ƙarshen wancan zamani. Waɗanda suka rage tsofaffi ne ƙwarai, suna nan a unguwannin ma'aikatan reluwe a Zariya, Kafanchan, Minna, Offa da Inugu, suna karɓar fansho. Kowane wata da ya wuce ana rasa wani, yana tafiya da abin da ke kansa. Su ne za su ba da labarin kwal ɗin Inugu da ya ciyar da manyan injinan ƙasar nan, kwal ɗin da a kansa aka harbe masu haƙa 21 a Iva Valley a 1949. Su ne suka gaji labarin yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka kasance ƙashin bayansa. Na'urar ɗaukar murya da ɗalibai kaɗan daga sashen tarihi sun isa a ceto wannan. Shi ne aiki mafi arha cikin duk abin da zan roƙa, kuma shi ne wanda ba ya jira.

Shi ma ƙarfen ba ya jira har abada. Mutane suna ganin inji kamar dutse ne, ko an bar shi ba abin da zai same shi. Ba haka ba ne. Tsohon injin tururi daga ciki yake mutuwa. Ruwan sama yana shiga ta bututun hayaƙi idan ba a toshe shi ba, ya taru a akwatin da ke gaban tukunya, ya haɗu da ragowar toka da baƙin hayaƙi, ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Tsakanin tukunya da siririn ƙarfen da aka lulluɓe ta da shi akwai abin riƙe zafi, wanda ke shan danshi ya riƙe, tsatsa ta yi ta aikinta a ɓoye shekara da shekaru. Ƙasan tankin ruwa da wurin zuba gawayi su ke fara hujewa. Sai a zo a shafa sabon fenti a kan tsatsar don wani biki, ido ya ga ƙyalli, ciki kuwa yana ci gaba da ruɓewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma abin da kowa ya sani a yau: kasuwar tsohon ƙarfe ta yi zafi, har layin dogon da jirgi ke bi ake kwancewa da dare. Abin da ya fi jan idon ɓarawo a jikin tsohon inji shi ne tagulla da jan ƙarfe, wato famfuna, usur, bututu da farantin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar ƙira. Farantin nan shi ne takardar haihuwar inji. In ya shiga tukunyar narka, ya tafi ke nan.

Kada a ce mini sai ƙasa mai arziki ke iya wannan. Saliyo ta rufe layin dogonta a tsakiyar shekarun 1970, layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daidai da na Wushishi, ta kuma sha yaƙin basasa na shekara goma sha ɗaya. Duk da haka wasu injina da taragai sun tsira a tsohuwar ma'aikatar gyara da ke Cline Town a Firitawun, aka tsabtace su, aka buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa a wurin a 2005. Wani injin nasu, mai lamba 85, shi ma ƙirar Hunslet, masu sha'awar jirgin ƙasa a yankin Wales ne suka saye shi a 1975, ya yi shekaru yana jan fasinjoji a can. Wato akwai mutanen da suka san irin wannan inji ciki da waje, suna kuma ba da shawara ga wanda ya nema. Kenya tana da gidan tarihin jirgin ƙasa a Nairobi tun 1971. Indiya ta tayar da wani inji ƙirar 1855, shi ma daga Lids, ya koma aiki a 1997. A gida ma, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Abin da aka yi a Legas ana iya yin sa a Minna.

Ga abin da nake roƙo. Daga Hukumar Gidajen Tarihi, wadda dokar 1979 ta ba ikon kare irin waɗannan kaya, kuma tana da reshe a Minna: ta tabbatar cewa injin yana da cikakkiyar kariyar doka da sunansa, yadda babu wani jami'i, yau ko gobe, da zai iya sa shi cikin jerin tsofaffin ƙarafan da za a yi gwanjo. Ta sa a ɗauki hoton kowane sashe nasa, a auna, a rubuta abin da ke nan da abin da babu. Daga Hukumar Jiragen Ƙasa: rumfa mai kyau wadda iska ke ratsawa, shinge, fitila da mai gadi, tare da buɗe tsofaffin takardunta ga masu bincike, a haɗa da abin da ke Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Daga gwamnatin jiha: kuɗin kulawa na kowace shekara, ko da kaɗan ne, domin giris da fenti da gyaran rufi ba aikin rana ɗaya ba ne. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan cikin Minna da ɗaliban injiniya, Cibiyar Fasahar Sufuri tana Zariya. Auna wannan inji da zana shi sashe-sashe aikin kammala digiri ne da ya fi ƙarfin a raina.

Sai dai ina da gargaɗi guda, kuma da gaske nake. Kada zumuɗi ya sa a miƙa shi ga ɗan kwangilar da zai kankare shi da injin gurza, ya like ramuka da walda, ya shafa masa launin da ransa ke so. Irin wannan gyara ya fi sakaci ɓarna, domin sakaci a hankali yake ci, shi kuwa a mako guda yake share abin da ya shekara ɗari. Haka nan ban goyi bayan a yi gaggawar hura masa wuta ba. Na san daɗin da za a ji a ga yana tafiya, ni ma zan so in ji usur ɗinsa. Amma tukunyar da ta haura shekara 120 ba abin wasa ba ce, kuma tayar da ita yana nufin sauya yawancin ƙarfen asali da sabo, a ƙarshe a rasa ainihin abin da ake son adanawa. Ga shi kuma layi mai faɗinsa sai an shimfiɗa sabo. In wata rana aka sami hali, a ƙera kwafinsa ya yi ta zagayawa da yara, shi kuwa dattijon a bar shi da jikinsa na asali.

Allon bayani kuma a rubuta shi da Hausa, Nufanci, Gbagyi da Ingilishi, a sa taswirar da ke nuna Bari Juko, Wushishi da Zungeru, da hanyar Zariya zuwa Bukuru. A ambaci leburorin da suka yi aikin. A nemi dattawan Wushishi da Zungeru su nuna inda layin ya bi, tun ana iya gane sawunsa, a kafa alama. A tsara yadda makarantun firamare da sakandare na jihar za su riƙa kai ɗalibai, a kuma gayyaci tsofaffin direbobi da masu hura wuta su yi musu bayani da bakinsu, a ba su ɗan abin hasafi.

Ana ta kashe biliyoyi kan sababbin layuka, ana jan na Kano zuwa Maraɗi, ina kuma addu'ar Allah Ya sa a kammala lafiya. Abin da nake roƙa wa Injin Wushishi bai kai kuɗin shimfiɗa kilomita ɗaya na waɗannan ba. Ina roƙon ofisoshinku uku su naɗa mutum guda da za a san cewa shi ke da alhakin wannan inji, a bayyana sunan ofishinsa ga jama'a, a kuma tura masana su duba lafiyar ƙarfen su fitar da rahoto kafin damina mai zuwa ta sauka.

Allah Ya taimake ku bisa amanar da ke wuyanku.

Wassalam,
Naku, wani ɗan Jihar Neja mai kishin tarihin ƙasarsa.